Ƙeyar Rabo

Idan ka ambaci Rabo a Malbaza, kafin ka ce mai cajin salula na bakin hanya, wani zai riga ka da cewa, "Wanda ya yi wa jaki kiɗa a Illela?" Shi ne. Abin ya faru tun zamanin samariya, ƙungiyar matasan Nijar ta da, amma har yau ba a bar bawan Allah ya huta ba.

Su uku ne a ƙungiyar kiɗan, dukkansu ma'aikatan izin, wato masana'antar siminti: Tasi'u mai waƙa da gitar, Isufu mai ganga, sai Rabo mai bas, wato gitar ɗin nan mai kaurin murya da mutum ke ji a cikinsa kafin ya ji ta a kunne. Sunan ƙungiyar Tanderu. An gayyace su wani bikin matasa a Illela, ran kasuwa da la'asar, aka kafa musu rumfa a fili. A cikin waƙoƙinsu akwai wadda idan an kai tsakiya mai ganga yake ɗauke hannu, mai waƙa ya yi shiru, a bar bas tana tafiya ita kaɗai, har sai Tasi'u ya zo ya dafa kafaɗar Rabo, alamar a koma. Dafawar kuwa dole ce, domin Rabo bai taɓa kiɗa yana fuskantar jama'a ba. Kullum baya yake ba su, idonsa a kan ampuli, akwatin da ke ƙara sautin.

To daidai wannan gaɓar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. 'Yan kasuwa suka ruga wajen kayansu, mata suka suri yara, manyan baƙi suka shige mota. Isufu ya rungumi gangunansa ya yi gaba, don fata ba ta shiri da ruwa. Tasi'u ya cusa gitar cikin riga ya bi shi. Ba wanda ya dafa kafaɗar Rabo. Ampulin da batirin kamyo, babbar motar kaya, yake aiki, bai san an watse ba, shi ma mai shi bai nuna ya sani ba. Masu ba da labarin sun saɓa a kan tsawon lokacin da ya ɗauka yana kaɗawa. Abin da suka haɗu a kai shi ne, sa'ad da ya juyo ba kowa a filin sai jaki guda ɗaure da amalanke, ruwa na zuba a bayansa, ya miƙe kunnuwa. Tasi'u yakan ƙara da cewa jakin ya nemi a maimaita.

Yadda aka yi samarin Malbaza suka faɗa wannan irin kiɗa, laifin wani Bature ne. A farkon shekarun tamanin ya zo gyaran tanderun izin, ya yi 'yan watanni, Rabo ke miƙa masa sifana. Da zai tafi ya bar masa kaset ɗaya, ba suna, ba hoto, rubutun jikinsa ma man inji ya shafe shi. Abin da ya ce kawai shi ne, wasu samari ne na wani garin masana'antu a ƙasarsu, inda rana ba ta cika fitowa. Ba irin kiɗan Turawa ba ne na rawa da murmushi da aka saba ji a rediyo. Ganga tana bugawa ba hawa ba sauka. Gitar tana ƙara kamar ana jan kwanon rufi a kan daɓe. Mai waƙar kuma sai ka ce wanda aka aiko ya faɗi rasuwa, yana neman ta inda zai fara. Amma bas ce a gaba, ita ke jan ragama, sauran na biye da ita.

Tasi'u ya saurara ya ce yaran nan yunwa ke damunsu. Rabo ya ce ba yunwa ba ce, yaran nan a izin suke aiki. Shi ya ji abin da yake wuni yana ji. Akwai wani tsohon injin niƙa dutse a sashensu mai bugu uku masu nauyi, na huɗun ya zo a makare kamar mai ɗingishi. Kowa ya san ɗingishin nan, har mata a cikin gari suna jin sa a tafin ƙafa. Rabo ne ya ɗauko shi ya ɗora a kan tsirkiya. Tasi'u ya sa masa baiti, a kan ma'aikacin da ya koma gida da garin siminti a ido, uwarsa ta ɗauka a wuni ɗaya ya tsufa. Suka sa wa waƙar suna "Farin Gashin Ido".

Ba za a ce an karɓe su hannu biyu ba. A gidan biki ba a iya rawa da kiɗansu, kuma ba sa yi wa kowa kirari. Alhaji zai zauna a kujerar gaba ya gyara hula yana jiran a ambaci kakansa, sai ya ji ana ba shi labarin tari da takalmin roba. Direbobi ne kawai suka so su, da wasu 'yan lakwal, wato 'yan boko, masu ganin duniya ta ɓata musu rai tun kafin su shiga cikinta. Kaset ɗaya suka yi, a Sakkwato.

Maganar ba da baya kuwa, asalinta aiki ne. Ranar da aka ɗauki Rabo a izin, abin da aka fara gaya masa shi ne ba a ba inji baya yana tafiya. Ampulin nasu kuma shi ya haɗa shi da hannunsa, daga cikin tsohon rediyo da lasifikar wani gidan silima da ya mutu, kuma ya taɓa yin hayaƙi ana tsakiyar wasa. Saboda haka a wajen Rabo inji ne, mai gadinsa ba ya waiwaye. Ranar ɗaukar hoton bangon kaset, mai hoto ya ce kowa ya dubo nan, daidai lokacin hancin Rabo ya jiyo ƙaurin waya. Hoton da ya fito, Tasi'u ne a tsakiya da baƙin tabarau, fuska fes kamar sabon wata. Isufu rabinsa a bayan ganga. Can a gefe kuma ga siririn wuya, da tulin gashi, da kunnuwa biyu.

Kafin shekarun tamanin su ƙare Tanderu ta mutu. Isufu ya tafi Abijan bai dawo ba. Tasi'u ya koma Konni yana fataucin kayan mota daga tsallaken iyaka, ya yi tumbi, ya je Makka, ya ce shi da waƙa sai dai a labari. Rabo ya zauna a izin har ya yi ritaya a 2003. Ya kafa tebur a bakin hanya, ya jera soket, yana yi wa mutanen ƙauyukan da ba su da wuta cajin salula. Bas ɗin tana ƙarƙashin gado, matarsa Zalika ta ɗora mata buhun tsofaffin zannuwa.

Da abin ya tsaya nan, da Rabo ya tsufa lafiya.

Ashe direbobin siminti ba su taɓa sakin kaset ɗin ba. Wannan ya kwafa daga wancan, wancan ya bar wa yaron motarsa. Har ya zama al'ada, idan kamyo ya shigo Malbaza direba ya danna oda sau uku, ta huɗun ya jinkirta ta. Sai kuma zamanin da kowane saurayi a Nijar ya ɗaura ɗankwali ya ce shi mawaƙin rap ne. Wani Mahamudu, ɗan wani jandarma da aiki ya kawo Konni, ya buɗe ɗan ɗakin ɗaukar sauti a bayan tasha. Ya tsinci kaset ɗin a akwatin ubansa, ya ɗebi bas ɗin ya shimfiɗa ƙarƙashin nasa baitocin, waƙar ta kama gari. Aka tono tsohon kaset aka juye shi a faifan sede, da hoton nan a bango, ana sayarwa a kasuwar Konni. Daga nan ɗingishin injin ya shige cikin salula, ya zama kukan waya.

Yanzu ka duba halin da Rabo ya shiga. Yana zaune a teburinsa, wayoyin mutane jere a gabansa kamar 'yan tsaki a kwando, wannan ta ɗauki kiɗansa, kafin ta ajiye waccan ta karɓa. Kuma duk ƙasar, daga Bazaga har Illela, sunan kiɗan ɗaya ne: Tasi'u.

Wani manomi zai sauko daga amalanke ya miƙo waya ya ce, "Baba, sa mini Tasi'u cikin wagga."

"Ba Tasi'u ne sunanshi ba."

"To mi ne sunanshi?"

"Tasi'u baki kawai ya sa. Wanga bugu da kake ji, akwai wanda ya yi shi."

"To a sa mini na wanda ya yi shi ɗin, in dai Tasi'u ne."

Kuma sai ya sa masa. Yana ƙunƙuni, amma sai ya sa, yana danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, saboda masu sa shi a Konni suna kawo bugun na huɗu da wuri, shi kuwa ya fi son a sace masa kiɗa daidai, maimakon a sace shi a karkace.

Ana cikin haka wani gidan rediyon efem a Konni ya gayyaci Alhaji Tasi'u hira. Mutumin da ya ce ya bar waƙa har abada ya sa babbar riga ya tafi tun kafin lokaci. Rabo ya ce shi ba zai ɓata batirinsa a kan wannan ba. Da safiyar ranar Zalika ta same shi a tsakar gida da rediyo manne a kunne, wai labarin farashin gero yake jira.

Mai gabatarwa ya yi ta zuba wa Tasi'u kirari, uban sabon kiɗa, muryar ma'aikata. Can ya ce, "Alhaji, masu saurare suna ta tambaya. Wane ne wannan da ya ba da baya a hoton?"

Tasi'u ya gyara murya. Ya san sarai wanda ke saurare a Malbaza. Ya ce, "Wanga? Wani ɗan Togo ne munka tsinta a tasha. Ba ya jin Hausa, kuma Allah bai ba shi fuskar nunawa ba, shi ya sa munka juya shi."

A nan sai an yi wa Tasi'u adalci. Uwarsa ƙanwar uban Rabo ce. Taubasai ne ke nan, Rabo ɗan namiji, Tasi'u ɗan mace. Tun suna yawo ba wando Rabo ke ce masa bawa, shi kuma yana ce masa maigida, kowa na neman inda zai kwance wa ɗan'uwansa zani a kasuwa, kuma al'ada ta hana ɗayansu ya yi fushi. Duk wani dattijo a Malbaza da ya ji hirar ya yi dariya har da riƙe ciki. Zalika ma ta yi, sai da ta ga fuskar mijinta ta mayar da ita tari.

Ta ce, "Ai wasa ne, Malam. Bawanka ne."

"Wasa a rediyo?"

"To ina za shi yi shi? Ya daina zuwa nan saboda kana ɓata rai."

Sai dai samarin Konni ba su san wa ya haifi wa a Malbaza ba. Su dai daga bakin Alhaji suka ji. Kafin damina ta wuce ɗan Togo ya samu tarihi. Wasu suka ce tanderu ne ya ƙone masa fuska. Wasu suka ce yana Faransa, Turawa na cire hula idan ya wuce. Wani ɗan kabu-kabu ya rantse wa Rabo, yana jiran wayarsa ta cika, cewa kawunsa ya taɓa ɗaukar mutumin a mota, kuma har a motar baya ya ba direba. Abin da ya fi ciwo, duk saurayin da ya rataya bas a yankin sai ya juya wa jama'a ƙeya. Suna kiran abin salon ɗan Togo. Har masu piyano na gidan biki, waɗanda ba abin da zai yi musu hayaƙi, suka fara kaɗawa suna kallon bango.

Da can kishin mutum ɗaya Rabo ke yi, yanzu ya koma na biyu, na biyun ma babu shi a duniya. Kuma ba inda zai kai ƙara. Ya je wajen wani baffansu ya faɗi damuwarsa, tsohon ya saurara har ƙarshe ya ce, "To kai ma ka tahi rediyon ka ce shi ɗan Gana ne." Abin da Rabo ke so bai taka kara ya karya ba. Yana so a ga fuskarsa sau ɗaya, a haɗa ta da kiɗan nan, kada ya mutu yana ɗan Togo.

Ya fara da kansa. Ya sayi faifan, abin da ya rantse ba zai yi ba, ya ajiye a tebur. Idan mai waya ya zo sai ya miƙa masa bangon, ya cire hula, ya juya. "Duba da kyau." Matsalar ita ce ƙeyar hoton ta saurayi ce mai gashi kamar kan dinya, wadda ke gabansu kuwa ta yi sanƙo, ta yi ninki biyu. Masu kunya su ce lalle akwai kama. Marasa kunya su tambaya ko ƙurji ne ya fito masa.

Da wannan bai yi ba ya hau mota ya tafi Konni wajen mai hoto. Ya shiga, ya tsaya gaban labulen da aka zana wa jirgin sama, ya fuskanci jirgin.

Mai hoto ya ce, "Baba, nan za ka dubo."

"Ɗauki haka."

"Na katin ɗan ƙasa ne? Don ba su karɓa tai."

"Ɗauki, kuma kunnuwan su fito."

Ya kawo hoton gida ya jera shi da na faifan. Zalika ta duba wannan, ta duba wancan, ta ce kunnen hagu dai nasa ne, ko a gaban alƙali za ta faɗa. Ya ce shaidar mata a kan kunnen mijinta ba za ta karɓu a Konni ba. Ta ce to ya ciro abin da ke ƙarƙashin gado, shi ba ya bukatar shaida. Ya ce bai ciro ba. Washegari ta tarar da buhun zannuwanta a ƙasa.

Bayan girbin 2006, wata ranar da hantsi, motar Alhaji Tasi'u ta tsaya gaban teburin. Ya fito da ƙyar, tumbi a gaba, wani dogon saurayi mai faffaɗan wando na biye da shi.

"Maigida, ina kwana? Har yanzu kana kiwon wayoyin mutane?"

"Lahiya lau, bawa. Wa ya ba ka izinin hawa mota ubangidanka na zaune a benci?"

Tasi'u ya juya ga saurayin. "Mahamudu, ga ɗan Togon naka. Ka gani da idonka dalilin da ya sa munka juya shi."

Mahamudu ya durƙusa ya gaida Rabo, amma idonsa na kan Alhaji, yana jiran a ce wasa ne. Ashe wasan kiɗa yake shiryawa a filin gidan matasa na Konni, na tunawa da Tanderu, ya matsa wa Tasi'u lamba a samo masa adireshin mutumin nan a Lome ko a Faransa, har ya fara tambayar yadda ake buga waya can. Tasi'u ya ga wasan nasa ya kai inda za a yi asara, shi ne ya sako shi a mota.

Mahamudu ya kira shi kawu da Faransanci, ya ce, "Tonton, ka yi haƙuri, da gaske kai ne?"

 Wata waya ta ɗauki kuka a kan teburin, Rabo ya nuna ta da haɓa. "Ka ji na huɗun? Haka yake. Kai a waƙarka ka kawo shi da wuri."

Ya yarda zai yi wasan, amma da sharaɗi. A gaba zai tsaya, a tsakiya, yana kallon jama'a, a kuma faɗi sunansa da na ubansa. Tasi'u kuwa a baya.

Tasi'u ya ce, "Ni ai ko mikiro, abin waƙar nan, ba ni taɓawa. Na bar wannan tun Makka. Gaisuwa kawai zan yi in zamna."

Mahamudu ya ɗan sosa kai. "Tonton, mutane fa bayan suke son gani."

"Sun gan shi shekara ashirin. Ya ishe su."

Ranar wasan, da la'asar, filin ya cika har kan katanga. Direbobi sun jera kamyo a waje. Rabo ya fito cikin sabuwar shadda ruwan ƙasa, wanzami ya gyara masa gemu, Zalika ta fesa masa turaren da take ɓoyo don suna. Ya ƙi ampulin Mahamudu, ya zo da nasa tsohon a cikin buhu. Samari uku da za su raka shi suka hau, suka rataya kayansu, kuma ba tare da an ce musu komai ba dukkansu suka juya wa jama'a baya, don girmamawa. Sai ya zamana a duk dandalin fuska ɗaya ce ke kallon mutane.

Aka faɗi sunansa da na ubansa. Tafin da aka yi na ladabi ne. Daga gefen katanga wani ya ce, "Wannan ba mai caji ba ne na Malbaza?" Wani ya amsa, "Shi ne, wayata ma tana wurinshi." Wata murya ta tambaya ina ɗan Togon.

Rabo ya sa yatsa a tsirkiya. Abin da bai lissafa ba shi ne, shi bai taɓa ganin mutane suna saurarensa ba. Ga wani yana tauna rake. Ga wata tana gyara goyo. Ga wani tsohon abokin aikinsa yana ɗaga masa hannu, shi kuma tarbiyya ta sa ya ɗaga kai ya amsa. Kowace fuska sai ta ja idonsa, yatsun su tsaya jiran ya dawo. Bugun farko ya fita, na biyu ya fita, na uku ya yi tuntuɓe, na huɗun da duk duniya ta san a makare yake zuwa, ya zo da wuri. Wani direba a baya ya ce, "Wanga bai iya Tasi'u ba."

Zufa ta jiƙa shaddar. Ya sake ɗaukowa daga farko, ya sake zubarwa. Tasi'u na zaune a kujerar roba a bayan dandali, carbi a hannu, ya daina ja.

Sai tsohon ampulin ya yi wata 'yar ƙara, irin ta mai da ruwa ya faɗa cikinsa. Rabo bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Jikinsa ne ya juya, kamar yadda ya saba tun ranar da aka ɗauke shi aiki. Ya sunkuya ya shinshina, ya ɗan bugi akwatin da gefen ƙafa, ƙarar ta tsaya. Hularsa ta faɗi garin sunkuyon. Kuma da yake idonsa ya koma inda ya saba, yatsun suka kama hanya da kansu. Uku masu nauyi, na huɗun ya ja ƙafa ya iso.

Filin ya ɗauki sowa gaba ɗaya. Ba gashin, wuyan ya yi kauri, amma yadda kafaɗar hagu ta sauka, da yadda kan ya karkata wajen akwatin kamar mai sauraren sirri, duk wanda ya taɓa riƙe faifan nan ya san su. A waje direbobi suka hau oda. Alhaji Tasi'u, wanda ya bar waƙa tun Makka, ba wanda ya ga lokacin da ya tashi. An dai gan shi a gaba da mikiro, babbar riga na jan ƙasa, yana ba mutanen Konni labarin farin gashin ido da muryar nan tasa ta mai faɗin rasuwa.

Da aka kai tsakiya mai ganga ya ɗauke hannu, Tasi'u ya yi shiru, aka bar bas ita kaɗai. Ya taka zuwa bayan Rabo ya ɗaga hannu zai dafa, sai ya fasa. Ya koma gaba ya bar shi yana tafiya. Can ya sa baki a mikiro a hankali ya ce, "Jama'a, ba ɗan Togo ba ne. Rabo ne, ɗan kawuna, ubangidana. Shi ya yi wanga kiɗi, ni baki kawai na sa." Sannan ya ƙara da cewa, "Fuskar dai kun gan ta ɗazu. Ku faɗi gaskiya, mun yi laifi?"

Rabo bai ji ko ɗaya ba. Kansa na jikin lasifika. Sai a mota, a hanyar komawa, Zalika ta ba shi labari, ya sa ta maimaita, ya kuma tambaya ko da ƙarfi aka faɗa.

Abubuwa sun ɗan canja tun daga ranar. Mahamudu ya sake buga faifan, da sabon hoto daga wasan. Ƙeya ce dai, mai sanƙo wannan karon, amma da suna a ƙarƙashinta. Rabo ya auna da tsinken ashana ya gano hoton Tasi'u ya fi nasa faɗi, kuma bai ɓoye wa kowa sakamakon binciken ba. Samari masu bas sukan zo daga Konni, har daga Tawa, su zauna a bencinsa ya nuna musu yadda ake jinkirta na huɗun. Yakan gaya musu su fuskanci jama'a, ba abin da ke cikin bango, su ce to Tonton, su koma su ba da baya. Ɗan Togo bai mutu gaba ɗaya ba, akwai masu cewa shi ya koya wa Rabo. Direbobi kuwa har gobe idan sun danna oda a mashigar gari, Tasi'u suke kiran abin, Rabo na jin su daga teburinsa yana tsaki.

Tasi'u ya koma zuwa Malbaza duk ran Juma'a. Yakan zauna a bencin ya cinye rabinsa, a dafa shayi, tsofaffin izin su taru. Kwanan baya hadari ya haɗo suna zaune, wani amalanke ya wuce da gudu, jakin na haki. Tasi'u ya bi shi da kallo.

"Maigida, ga jikan mutuminka na Illela can. Ba ka tashi ku gaisa? Su kaɗai ne sunka san fuskarka tun asali." Aka yi dariya. Ya ci gaba, "Ni abin da ban gane ba har yau, iska na ɗaga rumfa, ruwa na dukan kwano, gari duk ya watse. Mutum da kunnuwa irin naka, a ce bai ji ba?"

Rabo ya zare wata waya da ta cika, ya soka wata, sannan ya kurɓi shayinsa.

Ya ce, "Wa ya ce maka ban ji ba? Sarai na ji tashinku, har faɗuwar da ka yi a bakin rumfa na ji. Ranar ce kawai na samu in saurari kiɗana ba muryarka bisa kai. Shi ko jakin, har munka gama bai ce mini Tasi'u ba."